Rabon Allo a Shagon Yaya

A duk layin babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta mayar da shi Injiniya. Abin da aka sani shi ne, shekara shida da suka wuce fankar shagon aski ta tsaya, ya zo ya ɗauke ta da mari, ta ci gaba da juyawa. Tun daga ranar ya sayi tasta ta gwada wutar lantarki ya soke a aljihun gaba, ya sayi tabarau marar magani, sannan ya bi duk abin da ya mallaka da jan fenti yana rubuta INJINIYA. Kofinsa bai tsira ba, hular kwanonsa ba ta tsira ba, har 'yar fankar hannu mai caji da yake yawo da ita yana fifita wuya sai da ta sha fenti. In ka gaishe shi ba ka haɗa da laƙabin ba, sai ya yi kamar da bango kake.

Ofishinsa kuwa shagon ɗinkin Yayarsa ne, ko da yake ba ita ta ɗauke shi aiki ba. Kullum da safe zai shigo, ya durƙusa ya shige ƙarƙashin teburin kwamfuta wai yana duba lafiyar wayoyi, ya fito yana kakkaɓe gwiwa, ya zauna ya wuni yana koya wa teloli yadda ake riƙe almakashi. Yaya ta yi faɗan ta gaji. Ƙaninta ne ciki ɗaya, kuma tana jin kunyar a ce ta kori ɗan'uwa.

Ran Talatar nan aka tashi da damuwa. Keken zane, wanda kwamfuta ke aika wa hoto shi kuma ya ɗinka shi a jikin yadi, ya yi kunnen uwar shegu. Yaya ta danna, ta sake dannawa, allura ko motsi. Ga shi shugabar wata babbar makaranta za ta zo ƙarfe huɗu ta ga samfurin bajon da ake ɗinka wa rigunan ɗalibanta. In ya yi mata, Yaya ce za ta ɗinka kayan makarantar na shekara guda. In babu bajo, ta riga ta faɗa ba ɓoye-ɓoye, akwai wani shago a bayan kasuwa. Wata biyu Yaya ta yi tana zarya kafin ta samu wannan alkawari, kuma da shi take sa ran riƙe telolinta biyu, don aiki ya ja baya ƙwarai.

Ta ɗauki waya ta kira Auta, 'yarta da ke wani gari mai nisa tana aikin gyara wa mutane kwamfuta daga inda take zaune.

"Mama, kada ki damu," in ji Auta. "Kamarar nan da na aiko miki tana nan? A jona ta, ki buɗe saƙon da zan turo yanzu a kwamfutar, in ga abin da ke faruwa. Minti goma ya isa."

Injiniya ya miƙe, ya gyara zaman tabarau, ya karɓe wayar daga hannun Yaya ya sa ta a amsa-kuwwa.

"'Yata, Kawunki ne. Minti goma ai na masu koyo ne. Ni uku ma sun yi min yawa."

Auta ta ce, "Kawu, ina kwana. Da ka bar Mama ta..."

"Wa ya fara nuna miki kwamfuta a duniya?"

"A tagar wani shago ka nuna min, Kawu, muna wucewa."

"To ba nunawa ba ce?"

Ya aika aka kira mai aski da mai facin taya, wai su zo su ga aikin zamani, don ilimi ba a ɓoye shi. Mai aski ya zo da tawul a kafaɗa, mai faci ya tsaya daga bakin ƙofa saboda baƙin mai da ke hannunsa. Kafin Injiniya ya gama bayanin tarihin kamara tun daga zamanin da ake rufe kai da baƙin zane, Yaya ta jona abarta a gaban kwamfuta, ta buɗe saƙon, ta danna shuɗin rubutun da Auta ta kira linki. Sai ga fuskar Auta a wani ɗan akwati a gefen allo, tana ɗaga hannu. Kwamfutar ba ta da sifika, don haka muryarta ta wayar Yaya take fitowa.

"Kun gani ko?" in ji Injiniya. "Ban ma taɓa ba ta ji tsorona."

Ya ɗora kamarar a saman allo, ya kai fuskarsa dab da ita.

"Kawu, cikin hancinka kawai nake gani."

"Gwaji nake yi. In ta iya nuna wannan, babu abin da zai ɓuya mata."

Auta ta faɗi wata kalma da Turanci, ta ce ya danna ta. Injiniya ya gyaɗa kai da ƙarfi kamar tare suka ƙirƙiro kalmar, amma hannunsa bai bar aljihu ba. Yaya ta ce, "Ke, faɗa da bakin da zan gane, kada a yi abu ina tsaye kamar baƙuwa a shagona."

"Cewa na yi a raba min allo, Mama. Kawu, ka raba allon kawai."

Nan fa ran Injiniya ya yi fari. Rabo ai ba baƙon abu ba ne. Ya ɗauki tef ɗin awo daga wuyan tela, ya auna allon daga kusurwa zuwa kusurwa, ya yi lissafi a tafin hannu, ya ɗauki allin ɗinki ya ja layi tun daga sama har ƙasa, a tsakiya cif.

"An raba. Dama naki, hagu nawa."

"Ban ga komai ba, Kawu."

"To ai rabinki babu komai a ciki. Duk kayan suna ɓangarena."

Mai aski ya leƙo. "Injiniya, kamar naka ya fi faɗi."

"Ni ne babba."

"Alli ka sa a gilashin?" in ji Yaya, muryarta ta fara sauyawa.

"Kawu, me ka yi wa allon? Ba zana shi za ka yi ba. So nake in ga abin da ke kansa."

"Da kin ce haka tun farko."

Ya tura mai aski ya ciro babban madubin shagonsa, ya bar wani mutum a kujera da rabin kai a aske. Aka tsayar da madubin a gaban kwamfutar, mai aski yana rungume da shi, don kamara ta kalli madubi, madubi ya kalli allo. Injiniya ya ja baya yana duban wannan tsari da alfahari, har ya ce a ɗauke shi hoto.

"Yanzu ina ganin allon," in ji Auta, "amma rubutun duk a juye yake."

"Juya kujerarki."

"Kawu."

"Ko ki nemi madubi a can ki mayar da shi daidai. Komai sai an koya muku?"

Mutumin da aka bari da rabin aski ya biyo sahu, zane ɗaure a wuya, ya ce shi dai a ƙarasa masa kai ko a mayar masa da gashinsa. Mai aski ya tafi da madubinsa, amma bai yi minti biyar ba ya dawo, don irin wannan kallo ba kullum ake samu ba. Lokacin ƙarfe ɗaya ta gota. Yaya ta dubi agogon bango, ta dubi keken da ke tsaye shiru.

Auta ta sake gwadawa. "Kawu, saurara. Ba raba gida biyu nake nufi ba. Akwai wani koren maɓalli a ƙasa, shi ne zai raba allon da..." Sai layin waya ya yi ƙara, sauran maganar ta tafi.

"Raba allon da me?" in ji Yaya.

Injiniya ya ɗaga yatsa. "Da kwamfutar mana. Raba na rabuwa take nufi. Yarinyar nan zaman can ya sa Hausarta ta yi rauni."

Kafin wani ya yi magana ya zagaya, ya kwance kebul ɗin allon, ya rungumo allon kamar jariri, ya kai shi can kusurwa ya ɗora a kan teburin guga, ya juya fuskarsa ga bango. Kamarar ta zame ta faɗi kan tebur tana kallon silin.

"Na raba su. Yanzu ko gaisuwa ba ta haɗa su."

"Allon ya yi baƙi," in ji mai faci daga ƙofa.

"Kewa ce. Zai saba."

Wayar ta dawo. "Mama, me ya sa nake ganin silin da gizo-gizo?"

"Kawunki ya raba aure," in ji Yaya.

Telolin nan biyu suka dukar da kai kan kekunansu, kafaɗunsu na rawa. Sai da aka ɗauki kusan awa guda kafin a mayar da allon, don Injiniya ya rantse ramin da ya ciro kebul ɗin ya ƙaura. A ƙarshe mai faci ne ya goge hannu a wando, ya soka shi a inda ya dace cikin ƙiftawar ido. Injiniya ya ce dama jarraba shi yake yi, kuma ya ci.

Ƙarfe biyu da rabi Auta ta koma magana a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ya tashi daga doguwar jinya.

"Kawu, ka san yadda ake raba takarda a taro, kowa ya samu ya karanta? Irin wannan rabon nake nufi. Abin yana wurinka, amma wani ma ya gani."

Injiniya ya yi dariya har da buga cinya. "Rabon jama'a. Allah Sarki, ai sai ki ce rabon jama'a. Yaya, turo min linkin nan a wayata."

Yaya ta turo, don ta kai matsayin da ko cewa ya yi ta tsaya da ƙafa ɗaya za ta gwada. Shi kuwa ya buɗe zauren hira na mutanen layin a wayarsa, ya liƙa linkin, ya rubuta a ƙasa: "Ana rabon allo yanzu a shagon Yaya ƙarƙashin jagorancin Injiniya. Kowa ya samu nasa."

Kalmar rabo ba ta kwana a waya. Kan ka ce kwabo bakin shagon ya cika. Wata mata ta zo da babban baho. Mai koyar da yara darasin yamma ya ce shi baƙin allo yake so, mai ƙafa in da hali. Wani tsoho ya ce bai san abin da ake rabawa ba amma ya riga kowa zuwa, a rubuta. Mai wanki da guga ya tambaya ko za a iya karɓar wa wanda ya yi tafiya. Aka fara jayayya kan layi, mai baho ta ce ba za ta tsaya bayan wanda ba ɗan unguwa ba.

"Me ka rubuta musu?" in ji Yaya. Idonta ya kawo ruwa, kuma ba na dariya ba. "Uku ta wuce. Matar nan in ta zo ta ga wannan kasuwa babu bajo, me zan ce mata? Telolin nan biyu me zan ce musu?"

Wannan tambayar ta taɓa Injiniya, gaskiya ta taɓa shi, don yana son Yayarsa. Amma maimakon ya ce bai iya ba, sai ya ɗaga murya.

"Hayaniya ce ta hana aikin. Kowa ya fita. Yaya, har ke. Akwai sirrin sana'a da ba a yi a gaban mutane."

Ya tattara su duka ya tura waje, har Yaya da wayarta a kunne, ya ja ƙofa ya sa sakata, ya saki labule. Ya mayar da kamara saman allo don kada ta tare masa tebur. Sannan ya zauna, ya cire tabarau, gumi ya karyo masa.

Abin da bai sani ba shi ne, mutanen da aka hana shiga sun koma kan wayoyinsu neman rabonsu. Ɗaya bayan ɗaya suka danna linkin. Ɗaya bayan ɗaya fuskar Injiniya ta bayyana a tafin hannunsu, da muryarsa tar, don kamarar tana da kunne ko da yake kwamfutar ba ta da baki. Mai aski ya ɗora yatsa a leɓe, layin ya yi tsit.

A ciki Injiniya ya haɗa hannu biyu ya fuskanci allon.

"Baiwar Allah, ki rufa min asiri. Ni da ke babu gaba. Wallahi ban san inda ake taɓa ki ba. Fankar nan ma da ake magana, mari kawai na kai mata, ni kaina na yi mamaki da ta tashi."

Ya ɗan ɗaga hannu kamar zai gwada maganin fanka, ya tuna kuɗin gilashi, ya fasa. Sai ya shiga danna duk abin da ya gani. Ja, shuɗi, fari, har Allah ya kai yatsarsa kan koren maɓallin da Auta ta wuni tana roƙo. Wani akwati ya fito da tambaya, ya danna na'am. Wani ya sake fitowa, ya danna na'am, don a ganinsa ba a yi wa na'ura gardama a irin wannan hali. Yanzu har allon ana gani a waje. Jama'a suka bi shi da ido yana laluben haruffa da yatsa ɗaya a wurin bincike: "yadda ake raba allo ga wanda bai taɓa yi ba kuma mutane suna jira a waje."

A daidai nan wata mota ta tsaya, shugabar makaranta ta fito da jakarta, ta riga lokacinta da minti ashirin. Ta tarar da mutum fiye da talatin tsaye a rana, kowa ya zuba wa wayarsa ido. Ba ta tambayi kowa ba, ta leƙa ta kafaɗar mai aski. Yaya ta gan ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A ciki kuwa, 'yar kibiyar da ke kan allo ta motsa da kanta. Injiniya ya dubi hannunsa, duka biyun suna kan cinyarsa. Kibiyar ta tafi hagu, ta tsallake layin alli ta shiga rabinsa ba sallama, ta buɗe wani abu. Na'am ɗin da ya danna ta biyu ita ta ba Auta izinin riƙe kwamfutar daga can, amma wa zai gaya masa? Ya zabura da salati, kujera ta kife, gwiwar hannunsa ta doki kamarar, ta wuntsila bayan tebur ta rataye da kebul ɗinta tana lilo.

Da ta daina lilo, sai ta tsaya tana kallon bayan kwamfutar. A kan kowace waya a layin hoto ɗaya ya fito: kebul ɗin keken zane yashe a ƙasa cikin ƙura, a raminsa kuma an soka wata 'yar waya da ta tafi ga 'yar fankar hannu, tana shan caji hankali kwance. A jikinta da jan fenti an rubuta INJINIYA.

Farin shafi ya buɗe a allon, haruffa suka fara fitowa manya-manya.

"Kawu, ni ce Auta, ba aljani ba ne. Ka cire fankarka, ka mayar da kebul ɗin keken Mama inda ka ciro shi da safe."

Ya karanta sau biyu. Wani layin ya biyo baya.

"Mu arba'in da ɗaya muke kallonka. Muna kuma ji."

Sannan ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur, inda fuskarsa ta cika wayoyi arba'in da ɗaya, ya cire fankar, ya mayar da kebul ɗin. Keken ya yi ƙara ɗaya, kibiyar ta danna abin da ya kamata, allura ta hau aiki, ta-ta-ta-ta, kamar ba ita ta wuni tana yajin aiki ba.

Ya mayar da tabarau, ya soke fankar a bayan wando, ya zare sakata. Ko a nan bai haƙura ba.

"Jama'a, na gano matsalar. Wani sakarai ne ya..."

Babu wanda ya yi dariya tukuna. Mai aski ya haɗa hannu biyu, ya karkata kai, ya ce da siririyar murya, "Baiwar Allah, ki rufa min asiri."

Nan layin ya fashe da dariya. Mai baho ta zauna a cikin bahonta tana share hawaye. Mai faci ya riƙe ƙofa don kada ya faɗi. Tsohon da ya riga kowa zuwa ya ce shi dai ko ba a ba shi komai ba ya samu rabonsa. Injiniya ya yi wuƙi-wuƙi, ya laluba aljihu yana neman abin yi da hannunsa, sai fankar ta zame daga bayan wando ta faɗo gaban kowa, ta kama juyawa.

Yaya ba ta bi ta kansa ba. Ta ratsa ta shiga, ta jira allura ta tsaya, ta yanke zare, ta miƙa wa shugabar bajon da hannu biyu, huɗu saura minti uku. Shugabar ta juya shi gaba da baya, ta shafa bakin ɗinkin da babban yatsa, ta ce ya yi, a fara aiki ranar Litinin. Har ta kai ƙofa ta waiwayo ta dubi layin allin da ke kan gilashi.

"Hajiya, sharaɗina ɗaya ne. Kayan ɗalibaina a rabinki za a yi su."

Da mota ta tashi, Injiniya ya matso yana murmushin borin kunya.

"Yaya, kin dai ga ba don na jefa kamarar nan bayan tebur ba, da har yanzu..."

Yaya ta ɗauki allin da ya bari a kan tebur. Ta kama hannun rigarsa a hankali, ta taka da shi har waje, ta tsayar da shi kusa da mai aski. Sannan ta sunkuya ta ja layi a dokin ƙofa, daga wannan bango zuwa wancan, ta miƙe tana kakkaɓe yatsu.

"Ni ma na iya rabo," in ji ta. "Ciki nawa, waje naka."

Ya dubi layin, ya dubi titi har ƙarshensa, ya gyara tabarau.

"Ai nawa ya fi faɗi."

"Kai ne Injiniya," in ji Yaya, ta rufe ƙofa.